Auvers-sur-Oise a ƙafa: yadda za ka bi sawun masu zane a wani gari da ke bayan Paris

Yawancin mutanenmu da Allah ya kai Paris, ko don karatu ko taro ko fatauci, iyakarsu hasumiyar Eiffel da manyan kantuna, sai kuma unguwar Château-Rouge inda ake samun kayan miya irin na gida. Idan kwana ɗaya ya rage maka babu abin yi, ina roƙonka ka ba da shi ga wani ƙaramin gari mai nisan kusan kilomita 30 a arewa maso yammacin birnin. Sunansa Auvers-sur-Oise, ana furta shi kamar "Over-sur-Waz". Mutanensa ba su wuce 7,000 ba, kuma garin siriri ne ƙwarai: ya miƙe tsawon kusan kilomita 7, kogin Oise a gefe guda, gangaren farin dutse a ɗaya gefen, a saman gangaren kuma gonaki ne iya ganin ido.

Duniya ta san garin saboda Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holand, wanda ya yi kwanaki 70 na ƙarshen rayuwarsa a nan a 1890. Shi ya sa baƙi da yawa suke saukowa daga jirgi, su ruga su ga ɗakin da ya mutu, su hau su ga kabarinsa, su juya cikin awa biyu. Wannan gaggawar tana ba ni takaici. Shekara talatin kafin zuwan Van Gogh masu zane suna zaune a garin, kuma saboda su ne ma ya zo. Don haka hanyar da zan ɗora ka a kai ta fara ne daga yammacin gari ta gangaro gabas, yadda za ka san mutanen da suka share fage kafin ka isa maƙabarta.

Mataki na farko: ka fara ganin zanen a Paris

Ka san wannan tun daga gida don kada ranka ya ɓaci: shahararrun zanen da Van Gogh ya yi a Auvers ba a garin suke ba. Sun watsu a Amsterdam da Paris da Basel da Amurka. Abin da garin ya riƙe shi ne wuraren da kansu, cocin da gidajen da gonakin, kuma an kakkafa alluna masu ɗauke da hoton kowane zane a daidai inda mai zanen ya tsaya.

Saboda haka kwana ɗaya kafin tafiyar ka je gidan tarihi na Orsay a bakin kogin Seine, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1900 da aka mayar gidan adana zane a 1986. Ba ya buɗewa ranar Litinin. Ka nemi abu uku: zanen cocin Auvers na Van Gogh, hoton da ya yi wa Dakta Gachet, likitan da ya kula da shi a Auvers, da zanen Paul Cézanne mai suna La Maison du pendu. Ka matsa kusa da na Van Gogh ka ga yadda fenti ya yi tudu-tudu kamar kunyar gona, abin da hoton waya ba ya iya nunawa. Da yawa daga cikin waɗannan 'ya'yan likitan ne, Paul da Marguerite, suka ba ƙasar Faransa kyauta tsakanin 1949 da 1954. Idan idonka ya sha su yau, gobe kana juya kwana a Auvers za ka ji kamar ka taɓa zuwa.

Mataki na biyu: rana da lokacin shekara

Kada ka je Litinin ko Talata, yawancin gidajen a rufe suke. Daga Laraba zuwa Lahadi ne garin yake karɓar baƙi, kuma da hunturu wasu wuraren, har da masaukin da Van Gogh ya zauna, sukan rufe na watanni. Lokacin da ya fi shi ne daga Afrilu zuwa Oktoba. In da hali ka zaɓi ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da alkama ta yi ja ba a kai ga girbe ta ba, domin wannan yanayin ne ke cikin zanen. Ka duba lokutan buɗewa a shafin ofishin yawon buɗe ido na garin daren da za ka tafi, don sukan sauya daga shekara zuwa shekara.

Ka sa takalmin da za ka iya yin kilomita 6 ko 7 da shi, akwai hawa da gangara da hanyar ƙasa. Ka ɗauki ruwa, da 'yar rigar ruwan sama, da ƙaramar darduma. A watan Yuni azahar tana shiga wajen ƙarfe 2, la'asar wajen 6, magariba kuwa sai dab da ƙarfe 10 na dare, don haka yinin dogo ne. Bakin kogi akwai wurare masu tsabta da natsuwa inda mutum zai yi sallarsa ba tare da ya takura wa kowa ba. In Juma'a ce, akwai babban masallaci a Cergy, kusa da Pontoise, wanda aka buɗe a 2012.

Batun abinci: gidajen cin abinci a irin waɗannan garuruwa suna ba da na rana tsakanin ƙarfe 12 da 2, bayan haka sai dare. Girkin Faransawa yakan haɗa da giya ko naman alade ba tare da sunan abincin ya nuna ba, don haka ka tambaya. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru ba su da matsalar harshe. Wanda bai iya Faransanci ba ya riƙe "sans porc, sans alcool", wato babu alade, babu barasa. Mafi sauƙi shi ne ka sayi burodi da cuku da 'ya'yan itace ka ci a lambu.

Mataki na uku: jirgi

Daga tashar Gare du Nord ka hau layin H mai zuwa Pontoise. Ana iya zuwa Pontoise kuma daga tashar Saint-Lazare ta layin J, ko ta RER C. A Pontoise ka canza zuwa ƙaramin jirgin layin H da ke bin gefen kogi zuwa Persan-Beaumont da Creil. Duka tafiyar awa ɗaya ce ko sama da haka kaɗan. Tun Janairun 2025 tikitin jirgi a duk yankin Paris, ban da na zuwa filayen jirgin sama, farashi ɗaya ne komai nisa, an fara shi a Yuro 2.50, kuma ana loda shi a kati ko a waya. Ka loda na dawowa tun a Paris.

Ga dabarar da nake so ka riƙe: kada ka jira tashar Auvers. Ka sauka a wadda ke gabanta, Chaponval, 'yar ƙaramar tasha a yammacin gari.

Wannan layin dogon shi ne asalin labarin gaba ɗaya. Auvers tsohon ƙauyen manoma ne da masu fasa dutse, sunansa ya bayyana a takardu tun ƙarni na 9, lokacin da Sarki Charles le Chauve ya ba da umarni a 865 a sake gina gadar da ke wurin don tare mahara 'yan arewacin Turai masu shigowa ta kogi. Ya zauna haka shiru har jirgin ƙasa ya iso a 1846. A daidai wannan zamanin aka fara sayar da fentin mai a cikin 'yan bututun ƙarfe masu murfi, wanda wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro a 1841. Kafin nan mai zane yakan adana fentinsa a mafitsarar dabba, abin da ke da wuyar fita da shi daji. Da jirgi da bututun fenti suka haɗu, sai ya zama talakan mai zane zai iya barin tsadar Paris, ya zauna ƙauye, ya zana gona yana tsaye a cikinta, kuma ya kai kayansa kasuwa cikin awa guda.

Mataki na huɗu: Cézanne da gidan likita

Daga Chaponval ka haura cikin unguwa ka bi alamun Maison du pendu. Gida ne na mutane, ba a shiga, daga titi za ka tsaya gaban allon. Cézanne ya zana shi a 1873. Sunan yana nufin "gidan wanda aka rataye". A lokacin Cézanne yana ɗan shekara 34, ba wanda ke sayen aikinsa, yana zaune a Auvers da Hortense Fiquet da jaririnsu, yana ɓoye wa mahaifinsa mai banki cewa yana da iyali don kada a yanke masa kuɗin wata. Zanensa na da duk baƙi ne da duhu. Camille Pissarro, wanda ke zaune a Pontoise kuma ya girme shi da shekara 9, shi ya riƙa fita da shi gona, ya nuna masa yadda ake sassauta hannu a bar haske ya shiga launi. Wannan zanen gidan yana cikin waɗanda aka nuna a baje kolin farko na ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da impressionnistes a Paris a 1874, masu ƙoƙarin kama hasken wani ɗan lokaci kafin ya gushe. Wani mai sarauta, Armand Doria, ya saya. Ka dubi yadda hanya ta gangara tsakanin bangaye, ka tuna abin da ka gani jiya a Orsay. Rufin ciyawar ya tafi, amma gangarar tana nan yadda take.

Daga nan ka miƙe gabas zuwa lamba 78 a titin Docteur-Gachet. A nan nake so ka daɗe.

Paul Gachet likita ne mai aiki a Paris, wanda ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan ciwon baƙin ciki mai tsanani. Ya sayi gidan a 1872 saboda matarsa mai ciwon ƙirji ta samu iska mai kyau, amma ta rasu a 1875 ta bar masa 'ya'ya biyu. Shi kansa yana zane, yana sa hannu da sunan Van Ryssel, kuma yana da injin buga zane a saman bene. Masu zane marasa kuɗi sukan biya shi magani da aikin hannunsu. Cézanne da Pissarro da Armand Guillaumin duk sun yi aiki a wannan gidan.

Lokacin da Vincent ya gaji da asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy a kudancin Faransa, inda ya yi shekara guda, ƙaninsa Theo ya nemi shawarar Pissarro, shi kuma ya ce a kai shi wurin Gachet. Vincent ya iso ranar 20 ga Mayu 1890. Da farko bai gamsu da likitan ba. Ya rubuta wa Theo cewa mutumin ya fi shi rashin lafiya, ko dai su zo ɗaya, ya kawo maganar makaho da ke jan makaho har su faɗa rami tare. Bayan 'yan kwanaki kuma ya rubuta wa ƙanwarsa cewa ya samu aboki a wurinsa, kamar sabon ɗan'uwa. Duka biyun daga zuciyarsa suka fito, kuma duka biyun suna cikin hoton da ya yi masa: mutum ya yi tagumi a kan jan tebur, ga reshen wani tsiro da ake maganin zuciya da shi a gabansa. Hoton iri biyu ne. Ɗaya yana Orsay, ɗayan an sayar da shi a New York a Mayun 1990 kan dala miliyan 82.5, farashin da ba a taɓa biyan wani zane a gwanjo ba kafin ranar.

Gidan dogo ne siriri, ɗakunansa ƙanana, bayansa jingine da gangaren dutse mai kogo. Ka zauna a lambun. A nan aka ci abinci ranar 8 ga Yuni 1890, lokacin da Theo ya zo da matarsa Jo da jaririnsu mai wata huɗu, wanda suka raɗa wa sunan Vincent. Kawun ya ɗauki takwaransa yana zagayawa da shi yana nuna masa kaji da agwagi. Duk wanda ya san daɗin takwara zai gane irin ranar da aka yi.

Mataki na biyar: fadar da gidan barasa

Ci gaba gabas za ka iske Château d'Auvers, wanda aka gina a 1635 don wani attajiri ɗan Italiya, Zanobi Lioni, daga cikin mutanen Sarauniya Marie de Médicis. Yanzu mallakar hukumar lardin Val-d'Oise ce, ana baje koli a ciki. In lokacinka kaɗan ne, lambun ya ishe ka: daga dandamalinsa ana hango kwarin Oise gaba ɗaya. Kusa da nan akwai ƙaramin gidan tarihi na absinthe, wata koriyar barasa mai ƙarfi da ta halaka masu zane da marubuta da yawa har Faransa ta haramta ta a 1915. Ni wucewa nake yi.

Mataki na shida: Daubigny, wanda ya fara zuwa

A lamba 61 titin Daubigny akwai gidan da a ganina ya fi kowane gida a garin cancantar kuɗin shiga, kuma shi ne baƙi suka fi tsallakewa.

An haifi Charles-François Daubigny a 1817. Yana jariri aka kai shi reno Valmondois, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Auvers, don haka kogin ya shiga jininsa tun yana yaro. A 1857 ya sayi wani kwale-kwale ya gina ɗaki a kansa, ya sa masa suna Le Botin, ya riƙa bin Oise da Seine yana zana ruwa daga tsakiyar ruwa. Claude Monet ya kwaikwayi wannan dabarar daga baya a Argenteuil. A 1861 Daubigny ya gina wannan gida da ɗakin aikinsa, abokansa kuma suka taru suka yi wa bangon ado: Camille Corot ya tsara manyan hotunan ɗakin aikin, Honoré Daumier ya sa hannu, ɗansa Karl ma haka. Ɗakin 'yarsa Cécile kuwa uban ya zana mata tatsuniyoyi da furanni da kayan wasa a bango. Yana da wuya ka shiga wannan ɗakin ka fito ba ka ji ƙaunar uba ba.

Mutumin yana da halin girma. Yana cikin alƙalan da ke zaɓar zanen da za a nuna a babban baje kolin gwamnati, ya riƙa tsaya wa matasan da dattawa ke kora, har ya ajiye muƙamin a 1870 saboda an ƙi aikin Monet. A London, lokacin yaƙin Faransa da Prussia, shi ya haɗa Monet da dillalin zane Paul Durand-Ruel, wanda ya ciyar da ƙungiyar tasu shekara da shekaru. Ya rasu a 1878. Van Gogh yana ganin girmansa tun yana saurayi, kuma da ya zo Auvers ya nemi lambun gidan da matar marigayin ke zaune ya zana shi har sau uku. Akwai kuma gidan tarihi mai sunan Daubigny a wani tsohon gida, Manoir des Colombières, kusa da tsakiyar gari, inda za ka ga ainihin zanensa da na almajiransa.

Kana gangarowa ta titin Daubigny ka lura da gefen hanya inda saiwoyin itatuwa suka fito daga gangaren ƙasa a murɗe. A 2020 wani mai bincike, Wouter van der Veen, yana duba wani tsohon katin gidan waya na farkon ƙarni na 20, ya gane cewa nan ne wurin zanen da masana suka yarda shi ne na ƙarshe da Van Gogh ya yi, na saiwoyi, wanda bai ƙarasa ba. Tsakanin wurin da masaukinsa kamar mita 150 ne. Filin na masu gida ne, ana shiga ne da izini da tikiti.

Mataki na bakwai: masaukin Ravoux

Yana kan babban titi, daura da ofishin magajin gari. Gachet ya so ya kai Vincent wani masauki mai faran 6 a rana (faran shi ne kuɗin Faransa na lokacin), shi kuwa ya zaɓi wannan na faran 3.50 har da abinci, domin duk abin da yake ci daga aljihun Theo yake fitowa, faran 150 kowane wata. Ɗakinsa lamba 5 ne a ƙarƙashin rufi, faɗinsa murabba'in mita 7, da 'yar taga a sama. Yakan fita da sassafe da kayan aiki a baya. Cikin kwanaki 70 ya yi zane fiye da 70, ban da na fensir da tawada. Ka tuna kuma cewa mutumin bai fara wannan sana'a ba sai da ya kai shekara 27, bayan ya gwada dillancin zane da koyarwa da wa'azi a cikin masu haƙar gawayi a Beljiyam.

Ranar 6 ga Yuli ya je Paris ya iske gidan ƙaninsa cikin damuwa: jariri ya yi rashin lafiya, Theo yana tunanin barin kamfanin da yake wa aiki, kuɗi sun yi wuya. Ya dawo yana jin cewa ya zama kaya a wuyan mutanen da yake ƙauna. Ranar Lahadi 27 ga Yuli da dare ya shigo masaukin da harsashi a jikinsa, ya ce shi ya harbi kansa. Theo ya iso washegari ya zauna a gefensa har ya cika da tsakar daren 29 ga wata, yana da shekara 37. A 2011 wasu marubuta biyu Amurkawa sun kawo ra'ayin cewa wasu samari ne suka harbe shi bisa kuskure, amma gidan tarihinsa na Amsterdam da yawancin masana suna kan abin da shi kansa ya faɗa.

Ba a sake ba da hayar ɗakin ba, saboda camfi. Yau babu komai a ciki sai kujera ɗaya da bango mai tsaga. Ana shigar da mutane kaɗan-kaɗan. Wani ɗan Beljiyam, Dominique-Charles Janssens, wanda ya yi haɗarin mota a ƙofar gidan a 1985, shi ya saye shi ya gyara ya buɗe wa jama'a a 1993.

Ina so in faɗi wani abu a nan da gaske. Akwai masu cewa ciwonsa ne ya sa ya iya zane. Wasiƙunsa sun nuna akasin haka: in ciwon ya taso ba ya iya riƙe burushi, sai ya lafa yake aiki, kuma aikin ne yake riƙe da shi. Ciwon ƙwaƙwalwa da na damuwa ciwo ne kamar kowane, yana son likita da dangi masu haƙuri. In ka fito daga wannan ɗaki ka tuna da wani naka da ya yi shiru kwana biyu, ka kira shi.

Kafin ka bar dandalin ka juya ka kalli ofishin magajin gari. Vincent ya zana shi ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasa, an yi masa ado da tutoci, ba ko mutum ɗaya a filin.

Mataki na takwas: coci

Ka bi gabas ka hau tudu zuwa cocin Notre-Dame-de-l'Assomption, ginin ƙarni na 12 da na 13. Kada ka tsaya a ƙofar gaba. Ka zagaya baya, inda hanya ta rabu biyu, nan allon yake. A zahiri ginin a miƙe yake, dutse a kan dutse. A zanen kuwa rufinsa yana lanƙwasa kamar abu mai numfashi, sama shuɗi mai duhu kamar baba, ƙasa kuma rana tsaka, ga wata mata tana tafiya ta hanyar hagu. Ka tsaya minti goma kana kallon ginin kana kallon allon, a nan za ka fahimci abin da mai zane yake ƙarawa a kan abin da ido ya gani.

Vincent ɗan fasto ne, amma limamin wannan coci ya hana a yi amfani da keken gawar Ikilisiya saboda yadda ya mutu. Sai daga Méry, garin da ke ƙetaren kogi, aka aro. An ajiye akwatin a ɗakin baya na masaukin, an rataye zanensa kewaye da shi, an rufe shi da furanni rawaya. Émile Bernard da Lucien ɗan Pissarro da tsoho Tanguy mai sayar da fenti suna cikin waɗanda suka raka shi ranar 30 ga Yuli, cikin zafin rana.

Mataki na tara: gonaki da maƙabarta

Daga bayan cocin hanya ta haura, cikin 'yan mintuna sai gidaje su ƙare, sama ta buɗe. Wannan shi ne tudun Vexin. A nan ya yi dogayen zanensa masu faɗin santimita 100 da tsayin 50, har da na gonar alkama da hankaki, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne na ƙarshe, alhali ya riga na saiwoyin da makonni. Manoma suna juya shuka, don haka wata shekarar za ka iske wani amfanin gona daban a inda allon yake. Gonakin na mutane ne, ka tsaya kan hanya, kada ka taka shuka don ɗaukar hoto.

Maƙabartar tana gefen gonakin, kewaye da katanga. Ka shiga ka nufi bangon da ke can ciki. Duwatsu biyu ne ƙanana iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa: Vincent, 1853 zuwa 1890, da Théodore, 1857 zuwa 1891. Theo bai yi wata shida bayan wansa ba, ya rasu a Utrecht ranar 25 ga Janairu 1891 yana ɗan shekara 33. Jo ta zama gwauruwa tana da shekara 28, da goyo, da ɗaruruwan zane da kusan ba mai so. Ta riƙe amanar. Ta yi ta shirya baje koli, ta tattara wasiƙu sama da 600 da Vincent ya rubuta wa mijinta ta buga su a 1914, kuma a wannan shekarar ta sa aka ɗauko ƙasusuwan Theo daga Holand aka kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa. Ganyen da ya yaɗu ya lulluɓe kaburburan biyu ya zama shimfiɗa ɗaya, asalinsa daga lambun Gachet aka kawo shi. Jaririn nan da aka nuna wa kaji ya girma ya zama injiniya, kuma shi ya tsaya har aka buɗe gidan tarihin Van Gogh a Amsterdam a 1973.

Ka rage murya, domin mutanen gari suna binne nasu a nan har yau. Akwai wasu masu zane a kwance a wurin: Norbert Goeneutte, da Emilio Boggio haifaffen Venezuela wanda ya rasu a garin a 1920, da Corneille, wanda ya yi yawo a Sahara yana saurayi, ya tara sassaƙe-sassaƙen Afirka, aka binne shi a nan a 2010.

Mataki na ƙarshe: gangarowa

Ka sauko ta gefen cocin zuwa babban titi. A lambun da ke kusa da tasha akwai mutum-mutumin tagulla na Van Gogh da Ossip Zadkine ya ƙera, aka kafa a 1961: dogo, ramamme, kayan aiki rataye a jikinsa kamar mai shirin tafiya gona. Ofishin yawon buɗe ido yana nan cikin lambun in kana son taswira ko katin tsaraba. In rana ba ta faɗi ba, ka tsallaka layin dogo ka gangara bakin Oise, ka bi hanyar gefen ruwa inda Daubigny yake ɗaure kwale-kwalensa. Nan ne wurin cin guzurinka da yin la'asar.

Jirgin komawa yana bi ta hanya biyu: ko ka koma Pontoise ka canza, ko ka hau mai zuwa gabas ka sauka Valmondois, tasha ɗaya kacal, ka kama na Gare du Nord. Da yamma da ranakun Lahadi tazarar da ke tsakanin jirage tana da yawa, don haka ka duba allon tasha kafin ka gangara kogi.